Fari, Tsadar Hatsi da Siyasa: Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da ke Tada Fitina a Damagaram

Duk shekarar da damina ta yi gardama, tambayoyin nan suna dawowa a fada, a bakin Kasuwar Dole, a rediyo. Mun tattara waɗanda aka fi yi, muka amsa su da abin da tarihin Nijar da kasuwannin jihar Damagaram suka nuna.

Shin fari ne ke haddasa rikici?

Fari shi kaɗai ba ya ɗaukar makami. Da haka ne, da Tanut da Tesker, inda ruwan sama ya fi ƙaranci a jihar nan, ba su taɓa kwana lafiya ba. Abin da fari ke yi shi ne ya rage abin da ke rumbu, ya ƙone ciyawa, ya ƙafar da tabki da wuri. Daga nan maganar ta koma hannun mutane: wa ke da hatsi, nawa zai saida, wa aka ba taimako, wa aka tsallake, wa ya yi shari'ar ɓarnar gona, kuma ya yi ta da gaskiya ko kuwa. Mutum yana iya jure wa ƙaddarar da ta sauko wa kowa. Abin da ba ya jurewa shi ne ya ga buhun da aka aiko da sunan ƙauyensu yana kan teburin ɗan kasuwa. Tsakanin gajimaren da bai zubar da ruwa ba da tayar da aka ƙona a kan titi akwai matakai uku: farashi, rabo, da hukunci. A kowanensu ana iya tsayar da fitina.

Me ya canza a daminar ƙasar nan?

Bayan manyan fare-faren 1973 zuwa 1974 da na 1984, jimillar ruwan shekara ta ɗan farfaɗo. Matsalar yanzu ta fi yawa a yadda ruwan ke rabuwa. Ana samun ruwan shuka a watan Yuni, sai a yi kwana 15 ko 20 babu ɗigo, tsiron ya ƙone, manomi ya sake shuka da irin da ya ranto. Sannan a Agusta da farkon Satumba ruwan ya zubo a dunƙule. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan guda, tsohon masallacin ƙasa na Birni ya rushe a farkon Satumba, kuma aka ɗage buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba saboda waɗanda gidajensu suka faɗi suna zaune cikin azuzuwa.

Gero yana bukatar kwana 70 zuwa 90. In ruwa ya ɗauke lokacin da yake fidda kai, zangarniya takan fito ba ƙwaya, ko da an yi ruwa mai yawa kafin nan. Shi ya sa lissafin milimita na shekara yake yaudarar mai karanta rahoto a ofis. Ga kuma murzuna a kan zangarniya, ga fara, ga tsuntsaye. Kuma gonar ba ta ƙaruwa: ƙidayar 2012 ta nuna Damagaram ce jihar da ta fi kowace yawan jama'a, da mutum kusan miliyan uku da rabi, kuma a Kance da Magariya gonar uba ɗaya ana raba ta ga ƴaƴa da yawa har ta daina ciyar da gida.

Ta yaya ƙarancin amfanin gona ke zama tsadar da ta fi ƙarfin mutane?

A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi. Tiya ɗaya ta gero kusan kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40. Gida mai mutum takwas yana cin kimanin tiya biyu a rana, wato buhu ɗaya da rabi a wata. A ce tiya tana sefa 500 da kaka: jika ɗaya a rana ta isa hatsi. In ta kai sefa 900 a Yuli, gidan yana neman 1,800 kullum kafin a yi zancen mai, gishiri, itace da ruwa. Kuɗin da ɗan kabu-kabu ko birkila ke samu ba ya ninkuwa don hatsi ya ninku.

Manomin kansa mai sayen hatsi ne. Da kaka, a Oktoba da Nuwamba, yana saida gero da wake da araha don ya biya bashi, ya yi hidimar aure da suna, ya sayi tufafin yara. Kowa na saidawa a lokaci guda, farashi ya faɗi. Rumbun talaka yakan ƙare tun kafin bazara, sai ya koma kasuwa ya sayi geron da ya saida, da ninkin kuɗi. Wanda ya ranci buhu a bazara don ya biya biyu da kaka ya riga ya ci amfanin baɗi.

Makiyayi kuwa ana dukansa ta fuska biyu. A shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci, dabba tana ramewa, kowa na kai tasa kasuwa, kuɗinta ya faɗi daidai lokacin da hatsi ke hawa. Bunsurun da zai sayo buhu a shekara mai kyau sai ya kasa sayo rabi. Masu bin diddigin yunwa suna kallon wannan musayar tsakanin akuya da gero fiye da yadda suke kallon sama. In aka fara ganin tumaki masu ciki da karsana a Kasuwar Bakin Birji ko Kundumawa, to mutane sun fara cin jarinsu.

Shekarar 2005 ta koyar da wannan. Giɓin hatsi bayan fari da farar 2004 ya kai kimanin tan dubu 223, wanda bai kama ƙafar na 1984 ba. Akwai hatsi a kasuwa. Amma buhun gero ya doshi jika 30 a wasu wurare, kuma cibiyoyin kula da tamowa na Maraɗi da Damagaram suka cika da yara, a yankunan da ake kira rumbun ƙasa.

Mene ne ruwan Najeriya da farashin tiya a Damagaram?

Kasuwarmu da ta Kano jiki ɗaya ne. Dabbobi, wake da riɗi suna gangarawa ta Magariya da Matamai zuwa Maigatari, Mai'aduwa da Dawanau. Masara, dawa da kayan masarufi suna haurowa. In naira ta faɗi, hatsin Najeriya yana yi wa mai sefa araha, amma ɗan tireda da ya kai shanu yana dawowa da kuɗin da ba su da auki, haka ɗan ci-rani da ke aiko wa gida. In hatsi ya yi tsada a can, motoci sukan juyo su kwashi namu.

Rufe iyaka ya fi fari saurin tada farashi. Tsofaffi suna kiran yunwar 1984 da sunan Buhari saboda a lokacin mulkinsa na soja aka rufe iyaka, fari ya haɗu da toshewar hanya. An sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya rufe iyakokin Najeriya da Benin, Najeriya ta yanke wutar lantarki, kuma a daidai wannan watan Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta. Shinkafa ta yi tashin gwauron zabo. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma kayan da ke shigowa ta tashar Lome suna zagayowa ta Burkina Faso, kuma kowane kilomita na wannan zagaye yana cikin kuɗin buhu. Damagaram tana nesa da Yamai da kusan kilomita 900, don haka nata kuɗin motar ya fi na Yamai.

Me ya sa mayunwacin ƙauye ba ya zanga-zanga, sai ɗan birni?

Domin yunwa ta gaske tana kashe murya. Gidan da ya koma cin jiga da tafasa, yana jiƙa dilo kwana da kwanaki don a cire masa ɗaci, ba shi da ƙarfin zuwa gaban ofishin gwamna. Mafitarsa tafiya ce: maza su yi Kano, Legas, Agadas ko Libiya, mata da yara su bi hanyar Aljeriya. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance. Wannan ma tashin hankali ne, sai dai ba ya toshe titi, shi ya sa ba a cika lissafa shi ba.

Ɗan birni kuwa komai saye yake yi, yana ganin farashi kullum, yana da ƙungiyar ƙwadago, ƙungiyar ɗalibai, rediyo da waya, kuma ya san ƙofar da zai je ya tsaya. A Maris na 2005, abin da ya fito da jama'a titi a Yamai da sauran manyan garuruwa shi ne harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora a kan kayan masarufi irin su fulawa, madara da sukari, da ruwa da wuta. Ƙawancen ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ya kira ranakun zaman gida, kasuwanni suka rufe, aka kama shugabanninsa, kuma a Afrilu gwamnati ta janye harajin daga mafi yawan kayan. Haraji yana da mai sa hannu, ana iya nuna shi da yatsa. Yunwar ƙauye ta ci gaba har Agusta ba wanda ya rufe kasuwa dominta.

Tsadar abinci ta taɓa kayar da gwamnati?

Ta taɓa taimakawa. A ranar 15 ga Afrilun 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani bayan shekarun fari, kuma babban zargin da sojoji suka yi shi ne cewa an karkatar da hatsin taimako alhali mutane na mutuwa. A 2005 Shugaba Tandja Mamadou ya musanta cewa akwai yunwa, rabon abinci kyauta bai kankama ba sai tsakiyar damina. Abin da ya kayar da shi a 18 ga Fabrairun 2010 tazarce ne, amma yana da ma'ana cewa cikin abubuwan farko da gwamnatin Salou Djibo ta yi akwai fitowa fili ta ce ƙasa na cikin matsalar abinci.

A waje ma haka. A 2008 tsadar shinkafa ta tada tarzoma a Burkina Faso, Kamaru da Senegal, ta ci kujerar firaministan Haiti. A Sudan, ninka kuɗin burodi sau uku a Disamban 2018 ya kunna zanga-zangar Atbara, wadda ta ƙare da faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019. A Agustan 2024 Kano ta ga tata zanga-zangar yunwa, shekara guda bayan cire tallafin man fetur. A duk waɗannan, tsada ta tarar da tsohon ƙulli ne a zukata. Inda mutane suka yarda cewa masu mulki suna faɗin gaskiya kuma ana raba wahalar daidai, irin wannan tsadar takan wuce da gunaguni kawai.

Rikicin manoma da makiyaya fa, ba ƙarancin ciyawa ba ne?

Ciyawa na ciki, amma a duba lokacin da ake yin faɗan. Ba a cika yin sa a tsakiyar rani ba, lokacin da babu komai. Ana yin sa ne daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da tabkunan arewa suka ƙafe, garke ya gangaro daga Damargu da Tesker, manomi kuma bai gama kwashe wake da dawa ba. In damina ta ɗauke da wuri a arewa, ta yi jinkiri a kudu, kwanakin haɗuwar sukan yi yawa.

Da can makiyayi na sauka a gona bayan girbi, dabba ta ci kara ta bar taki, a ba shi damin gero, a sha nono. Yanzu manomi ma yana da tumaki da shanun huɗa, yana kwashe kara da harawa ya ɗora a kan itace don ya saida a bazara. Burtali an ci gefensa kaɗan-kaɗan, bakin tabki ya zama lambu. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke sama da ita ga kiwo, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta. Ga kuma manyan garkunan attajiran birni da ake ba yara ƙanana su kora, yaran da ba su san mai gari ba, ba su da ikon sasantawa.

Abin da ke mai da ɓarnar gona ɗaya ta zama zubar da jini shi ne ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Mai laifi ya wuce da dare, da safe a auka wa rugar da ta shekara 30 a wurin. A Toda, cikin jihar Maraɗi, a Oktoban 1991 an kashe mutum sama da 100, galibi mata da yaran Fulani. A Bangi ta jihar Tawa an sake ganin irinsa a Nuwamban 2016. Bai kamata a bar wani ƙauye na Damagaram ya shiga wannan jerin ba.

In dabbobi sun shiga gonata, me zan yi?

Kada a doki makiyayi, kada a sari dabba. Wanda ya yi haka ya mai da kansa mai laifi, kuma diyyar saniya ta fi ta kadadar wake. A nemo shaidu biyu tun sawun yana ɗanye, a ɗauki hoto da waya, a lura da shaidar da ke jikin dabbobin. A sanar da mai gari da ardo ko wakilin makiyaya a ranar. Su ne za su zo da mutanen ɓangarorin biyu, in da hali da malamin gona da na dabbobi, a auna faɗin wurin da aka ci, a duba irin shukar da matakin da ta kai, a ƙiyasta da farashin kasuwa. Dokar ƙasa ta karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun sa sulhu a gaban sarakunan gargajiya kafin a je kotu. In an daidaita, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. In ba a daidaita ba, ita ma a rubuta, a hau zuwa ga sarkin kanto, daga nan sai alƙali.

Inda abin ke lalacewa: a bar kwana uku kafin a duba gona, sawu ya ɓace; a tsuga tarar da ta ninka ɓarnar sau biyar saboda masu rabawa sun yi yawa; ko a yi sulhu da baki, baɗi a musanta. Manomi ya sani cewa in gonarsa tana cikin burtali ko makiyayar da aka shata, hujjarsa ta raunana. Makiyayi kuma ya san ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa kowace shekara. Shiga kafin ranar laifi ne ko da gonar ta yi kama da an gama da ita. Kwamitocin kula da filaye na ƙauye da na komin, wato ƙaramar hukuma, su ne ke riƙe da shatar burtali, kuma a wurinsu ake yin takardar gona.

Saida hatsi da rahusa da gwamnati ke yi yana kwantar da hankali?

Yana yi, in ya zo da wuri kuma ya isa hannun da aka nufa. Hukumar OPVN ce ke ajiye hatsin ƙasa, kuma an saba saida buhu a jika 13 lokacin da kasuwa ta ninka haka. Amfaninsa biyu ne: gida ya samu, kuma ɗan kasuwar da ya ɓoye kaya ya ji tsoron faɗuwar farashi ya fito da su.

Yana ɓaci ta hanyoyi sanannu. In ya iso a ƙarshen Agusta, an riga an saida akuya. In aka ce sai buhu guda, talakan da ke da kuɗin tiya uku ya fita, mai kuɗi ya saya da sunansa. Shi ya sa awo da tiya ya fi. In jerin sunaye ya bi jam'iyya ko dangin mai unguwa, kowane buhu ya zama abin gaba. Maganin wannan ba shi da tsada: a faɗi adadin tan da aka kawo wa komin a rediyo, a karanta rabon kowane ƙauye a bainar jama'a, a sa mata cikin masu awo. Hana fitar da hatsi waje, kamar yadda aka yi a Oktoban 2024, yana sauke farashi a birni, amma yana rage abin da mai wake zai samu da kaka, kuma a iyaka mai tsawo irin tamu yana ƙara wa ƴan fasa-ƙwauri ciniki.

Matasan pale, wato gungun samarin unguwa na birnin Zinder, yunwa ce ta haife su?

Rashin aiki da rashin jin ana yi da su sun fi yunwa ƙarfi a nan. Yaron da gonar gidansu ta kasa riƙe shi ya shigo birni, ya tarar da layin jarka a famfo, domin garin yana zaune kan dutse kuma ruwansa daga Gogo, Machaya, Arunguza da Ganaram ake jawo shi. Yana ganin tankokin matatar SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, suna wucewa, shi kuwa sana'arsa saida fetur a kwalba. Irin wannan matashi yana da arhar haya ga ɗan siyasa. Tarzomar 16 ga Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, ba ta abinci ba ce. Zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ne ya tada ta. Amma saurin da ta bazu ya nuna yawan hannayen da ke zaune ba abin yi. Aikin gayya na kuɗi a lokacin rani, yashe tabki, gyaran magudana, haƙa ramukan rabin-wata a fako, yana rage waɗannan hannaye a watannin da suka fi haɗari.

Ƙafewar Tafkin Chadi ce ta kawo Boko Haram?

A'a. Tafkin ya yi babbar raguwarsa a shekarun 1970 da 1980, ƙungiyar kuma ta taso a Maiduguri shekaru da yawa bayan haka, da aƙidarta da siyasarta. Abin da ya tabbata shi ne bayan harin Bosso da Diffa na 6 ga Fabrairun 2015, hana cinikin kifi da tattasai da hawan babur ya karya sana'ar dubban matasa, kuma mai ɗaukar mayaƙa da alkawarin kuɗi da babur ya sami masu saurare.

Waɗanne alamu ne ke nuna shekara za ta yi zafi?

In tiya ba ta sauka ba a Nuwamba, lokacin da ya kamata ta fi araha, wannan ita ce alama ta farko kuma mafi gaskiya. Sai fitar samari ci-rani tun kafin a gama sussuka, gangarowar garke kafin lokaci, tsadar dusa da harawa tun Janairu, da mata masu saida kwanoni da akuyar aurensu. In waɗannan suka haɗu da shekarar da aka rufe iyaka ko ake takaddamar mulki, to a fara zaman mai gari da ardo tun Satumba, kada a jira ranar da aka kawo gawa.

Akwai abin da ƙauye zai yi da kansa, ba tare da jiran Yamai ba?

Akwai. Ƙungiyar manoma tana iya zuba hatsi a sito ɗaya da kaka, a kulle da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun asusun bashi. Asusun ya ba kowa rancen da bai kai cikakken kuɗin buhunsa ba, ya yi kiwon rago ko noman rani da shi, ya biya a Afrilu ko Mayu, ya karɓi hatsinsa lokacin da ya yi daraja. Yana rushewa in an zuba hatsi da danshi, in wake bai shiga buhu mai leda biyu ba ƙwari suka cinye, ko in farashi bai tashi ba a shekarar, ruwan bashi ya cinye ribar. Bankin hatsi na ƙauye kuma abin da ke kashe shi bashin da ba a biya ne, musamman na manyan gari.

Sai itace. A Magariya, Matamai da Mirya manoma sun cika gonakinsu da gawo ba tare da dasa ko ɗaya ba: in kututture ya tofo, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kare su daga akuya da gatari shekara uku zuwa huɗu. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ƙasar gindinsa ta fi ba da amfani, kuma ƴaƴansa suna faɗowa a rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Sharaɗin shi ne a yi yarjejeniya da makiyayan da ke ratsawa: su kakkaɓe ƴaƴan, su ɗauki wanda ya faɗo, amma kada a datse kan itacen.